Kowane tsanani da sunansa a Turanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Ɗan fili nake roƙo in yi magana a kan wani abu da ya shafi masu fassara labarai da ɗalibai da duk wanda aiki ke sa shi rubutu da Turanci.

Akwai wasu sifofi na Turanci guda goma waɗanda in an zo mayar da su Hausa sai a zuba su a buhu ɗaya, a ce "mai tsanani" ko "mai tsauri", a wuce wurin. Su ne strict da severe da harsh da stern da stringent da rigorous da rigid da austere da draconian da tough. Ƙananan ƙamusoshi suna da nasu laifin, don sukan fassara kowace da 'yar'uwarta: ka duba severe a ce maka harsh, ka duba harsh a mai da kai severe, ka rufe littafin ba ka ƙaru da komai ba. Amma mai harshen ba ya musanya su yadda ya ga dama. Wanda ya musanya su a cikin labari yana iya cusa wa mutum maganar da bai faɗa ba, ko ya zare masa wadda ya faɗa, kuma wannan ne ya sa abin ya dame ni.

Uku daga ciki su ne ginshiƙi, wato strict da severe da harsh. In aka kama bambancinsu sauran ba su da wuya.

A ɗauki makarantu biyu. A ta farko ana rufe ƙofa ƙarfe takwas daidai. Duk yaron da ya iso takwas da minti ɗaya za a rubuta sunansa a littafi, ya share aji bayan an tashi. Haka ake yi kullum, ko ɗan shugaban makarantar ne, ko ana ruwan sama. Hukuncin ba wani babba ba ne, amma ba a taɓa ɗaga ƙafa. Wannan makaranta ita ce strict. A ta biyu kuwa ba mai kula da makara, yara na shiga lokacin da suka so, sai rana ɗaya a zango a tare ƙofa, wanda tsautsayi ya faɗa wa a kore shi daga makarantar gaba ɗaya. Ba wanda zai kira wannan makaranta strict, don ƙa'idarta a sake take, amma hukuncinta severe ne, saboda nauyinsa. To idan mahaifin yaron da aka kora ya tashi ya ce korar ta fi ƙarfin laifin, kalmar da zai ɗauko ita ce harsh. Ta farko tana magana a kan yadda ake riƙe ƙa'ida, ta biyu a kan girman abin da ya sauka, ta uku tana ɗauke da hukuncin mai magana cewa an wuce gona da iri.

Asalin strict ma yana nuna haka. Daga Latin ta fito, daga aikatau stringere, wato a ja abu a ɗaure shi tamau. Shi ya sa take tafiya da ƙa'ida da umarni da wa'adi da mutanen da ke riƙe da su: strict rules, strict orders, strict deadline, strict parents. Hausa tana da abin da ya fi "tsanani" dacewa a nan. Mukan ce mutum kaifi ɗaya ne, ko ba ya ɗaga ƙafa, ko ba sani ba sabo. Ba a cewa strict pain ko strict drought ko strict injury, domin ciwo da fari da rauni ba ƙa'idoji ba ne da wani ke tsarewa. Masu koyo sukan rubuta strict punishment, za a gane su, amma severe punishment ne ya fi zama a kunnen mai harshen.

Strict tana da ma'ana ta biyu da ake yawan tuntuɓe da ita, wato daidai wa daida, ba ƙari ba ragi. In an ce strictly speaking, ana nufin in za a bi ainihin ma'anar magana. In an ce in strict confidence, sirri ne da ba a yarda ya fita ko kaɗan ba. A fannin shari'a akwai strict liability, kuma wanda ya fassara ta da "alhaki mai tsanani" ya ɓatar da mai karatu. Abin da take nufi shi ne a ɗora wa mutum alhakin ɓarna ko da ba a tabbatar ya yi ganganci ko sakaci ba. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ita ce ta Rylands da Fletcher, wadda aka yanke a Ingila a 1868: mutum ya sa aka gina masa matattarar ruwa a filinsa, ruwan ya ɓalle ta tsofaffin ramuka ya cika mahaƙar maƙwabcinsa, kotu ta ce sai ya biya, ko da shi da kansa bai yi sakaci ba. Diyyar tana iya zama kaɗan ko da yawa, kalmar strict ba ta ce komai a kan wannan ba. Uzuri kawai ta toshe.

Severe kuwa kalmar awo ce, kuma a nan ne fassara ta fi yin ɓarna, don a asibiti da hasashen yanayi da harkar tsaro tana da matsayi ƙayyadadde a kan sikeli. Likitoci sukan jera cuta hawa uku: mild, moderate, severe, wato mai sauƙi, matsakaiciya, mai tsanani. A duba yadda ake auna tamowa a jikin yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59. Ma'aikaciyar lafiya takan ɗauko wani siririn tef mai launi uku, ta nemo tsakiyar damtsen yaron tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta zagaya tef ɗin ba tare da ta matse fata ba, ta karanta lambar da ta faɗo a 'yar tagar. In kaurin damtsen ya gaza milimita 115, ya faɗa ja, sunan wannan severe acute malnutrition. In yana tsakanin 115 da ƙasa da 125, ya faɗa rawaya, sunansa moderate acute malnutrition. Tazarar milimita kaɗan ce, amma ita ke raba yaron da ke cikin haɗarin mutuwa da wanda bai kai can ba, kuma kulawar da za a ba su ba iri ɗaya ba ce. Idan rahoto ya kawo adadin yara na rukunin farko da na rukuni na biyu, mai fassara ya kira duka "tamowa mai tsanani", ya haɗe lissafi biyu ya mai da su ɗaya.

A lura kuma da acute da ke cikin waɗannan sunaye. Mutane da yawa suna ɗaukarta a matsayin wata severe ɗin, alhali a likitance tana nufin abin da ya taso farat ɗaya cikin ɗan lokaci, kishiyar chronic, wanda ya daɗe yana cin jiki. Cutar SARS da ta ɓulla a ƙasar Sin a ƙarshen 2002 cikakken sunanta severe acute respiratory syndrome. Da kalmomin biyu abu ɗaya suke nufi da ba a jera su tare ba. Mura ma acute ce, amma galibi ba ta kai severe.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar severe a matsayin ƙololuwa ko da yaushe. Birtaniya tana da matakai biyar na barazanar ta'addanci: low, moderate, substantial, severe, critical. Severe shi ne na huɗu, ma'anarsa akwai yiwuwar hari sosai. Critical ne na biyar, wato ana ganin harin na nan tafe nan kusa. Wanda ya ga an ɗaga mataki zuwa severe ya rubuta "mataki mafi girma" ya faɗi abin da ba haka ba. Haka a bayanin halin majiyyaci, critical ita ce rai kwakwai mutu kwakwai, ta fi serious. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ma ba ta kiran hadari severe thunderstorm don ya ba da tsoro kawai, sai iskarsa ta kai gudun mil 58 a awa, ko ƙanƙararsa ta kai faɗin inci 1, ko ya zo da guguwa mai juyawa.

Idan aka sifanta mutum ko kamanninsa da severe, ma'anar takan karkata zuwa rashin fara'a da rashin ado. A severe expression fuska ce a murtuke, a severe dress kuwa riga ce da ba kwalliya ko ɗaya a jikinta.

Harsh ta samo asali ne daga abin da ake ji a fata, wato kaushi, kuma har yau wannan ma'anar na biye da ita. Harsh voice murya ce mai karce kunne, harsh light haske ne mai kashe ido, harsh soap sabulu ne mai cin fata, harsh words su ne kakkausan harshe. A nan Hausa da Turanci sun yi tafiya iri ɗaya, daga kaushin abu zuwa kaushin magana. Idan ana maganar yanayi, kamar harsh winter ko harsh conditions, ba a zargin kowa, wahalar zama a ciki kawai ake nufi. Amma da zarar abin ya fito daga hannun mutum, irin su hukunci da suka da horo, harsh takan zo da ƙorafi a cikinta.

Ga inda ya shafi aikin jarida kai tsaye. Idan rahoto ya ce the court imposed a severe sentence, labari ne zalla: kotu ta yanke hukunci mai nauyi, kuma alƙalin da kansa zai iya amincewa da wannan bayani. Idan lauyan wanda aka ɗaure ya ce the sentence was harsh, kuka yake yi cewa hukuncin ya fi laifin. Mai fassarar da ya mayar da maganar lauyan "hukuncin mai tsanani ne" ya kashe kukan, mai karatu ba zai san ana shirin ɗaukaka ƙara a kan me ba. Ya kamata ya ce lauyan ya ce an tsaurara fiye da kima, ko hukuncin ya yi yawa. Wanda kuma ya ga severe ya rubuta "hukuncin zalunci" ya sa jarida ta zagi kotu da bakinta. Harsh ɗin ma ba ta kai zalunci ba. Wannan gurbin cruel ne, inda ake nufin ƙeta da rashin imani, a ji daɗin wahalar wani ko a ƙi damuwa da ita. Shi ya sa dokar haƙƙoƙi ta Ingila ta 1689 da gyara na takwas na tsarin mulkin Amurka na 1791 suka hana cruel and unusual punishments. Ba su hana hukunci mai nauyi ba, azabtarwa suka hana.

Stern a fuska da murya take. A stern look kallo ne na ɗaure fuska, a stern warning jan kunne ne da babbar murya, ba wasa a ciki. Uba yana iya zama stern bai taɓa ɗaga hannu ya doki ɗansa ba, kallo ɗaya ya isa. Malami kuma yana iya zama strict yana murmushi, ya karɓi uzurinka da fara'a ya kuma rage maka makin. Masu sharhin wasanni sukan ce a stern test, suna nufin karawar da za ta gwada ƙungiya sosai. Akwai kuma suna stern da ke nufin bayan jirgin ruwa, wannan kalma ce daban da ta yi kama da ita a rubutu.

Stringent uwarsu ɗaya da strict, duka daga stringere, amma ba a sifanta mutum da ita. Ba a cewa a stringent father. Ta takardun hukuma ce: stringent regulations, stringent requirements, stringent standards. Kuma abin da take aunawa shi ne wuyar cika sharaɗin kansa. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage adadin sinadarin asenik da ta yarda a samu a ruwan sha daga maikirogiram 50 zuwa 10 a kowace lita. Sabon mizanin ya fi tsohon stringent, don an ƙuntata ƙofar. Ko ana bin sa sau da ƙafa a wata ƙasa, wannan tambayar strict enforcement ce. Doka tana iya zama stringent a takarda, a aikace kuwa ba mai tsare ta, kuma wanda ya san kalmomin biyu zai iya faɗin haka a jumla ɗaya.

Rigorous da rigid su ma 'yan gida ɗaya ne, daga kalmar Latin mai nufin sanƙarewa, wadda ta bar mana rigor mortis, sanƙarewar gawa. Amma ɗaya yabo ce ɗaya suka. Rigorous research bincike ne da aka bi diddigi, aka yi tankaɗe da rairaya, ba a tsallake mataki ba. Rigorous training horo ne mai tatsar gumi wanda aka tsara da kyau. Ka ce wa mai bincike aikinsa rigorous ne, ka yaba masa. Ka ce masa rigid ne, ka ce ya kafe, ba ya lanƙwasuwa ko da hujja ta canza. "Bincike mai tsanani" ba ya isar da rigorous, don a kunnen Bahaushe tsanani wahala ce, alhali ƙwarewa da tsantseni ake nufi. Wuri ɗaya da na san rigorous ta koma wahala tsagwaronta shi ne rigorous imprisonment, wanda tsohuwar dokar laifuka ta Indiya ta 1860 ta bayyana da ɗauri haɗe da aikin wahala, kishiyar simple imprisonment. Game da rubutu, Birtaniya na rubuta sunan rigour, Amurka na rubuta rigor, amma sifar rigorous ce a wurin kowa. Wanda ya rubuta rigourous ya yi kuskure a ɓangarorin biyu.

Austere daga Girkanci take, kuma asalinta ɗanɗano ne, irin wanda ke busar da harshe, abin da muke kira bauri. Yanzu tana nufin rayuwa ko wuri da aka cire wa jin daɗi da ƙawa. An austere room ɗaki ne mai gado da kujera kawai, an austere life rayuwar gudun duniya ce, kuma sau da yawa da girmamawa ake faɗin ta. Daga ita aka sami austerity, tsuke bakin aljihun gwamnati, kalmar da ta cika labarai daga 2010 lokacin da Girka ta shiga matsalar bashi, Birtaniya ma ta fara yanke kashe kuɗi.

Draconian kuwa sunan mutum ne. Draco shi ne wanda ya rubuta dokokin birnin Atina wajen shekara ta 621 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma an san dokokin da yanke kisa ko a kan ƙananan laifuka. Wajen 594 Solon, wani mai tsara doka na Atina, ya soke su, ya bar na kisan kai kaɗai. Saboda haka duk inda aka ce draconian law, suka ce ƙarara, ana nufin dokar da ta wuce makaɗi da rawa. Da wuya gwamnati ta kira dokarta draconian. Ita tough za ta ce, kamar tough new measures ko tough on crime, domin tough tana nuna jarumta da rashin wasa, kuma kalma ce ta yau da kullum wadda ake faɗa wa nama mai tauri da jarrabawa mai wuya da mutum mai juriya. Doka ɗaya ce minista zai kira tough, jami'in da ya rubuta ta ya kira stringent, ɗan adawa ya kira draconian. In duka ukun suka fito a Hausa a matsayin "tsauraran matakai", mai karatu zai ɗauka bakinsu ya zo ɗaya, alhali faɗa suke yi. Gara a ce ministan ya ce dokar ba wasa, jami'in ya ce an ƙara matse sharuɗɗa, ɗan adawar ya ce dokar danniya ce. Kuma in kalmar draconian ta zo a rahoton da ake fassarawa ba tare da an jingina ta ga kowa ba, to marubucin rahoton ne ya saka ra'ayinsa, sai a yi hattara kafin a kwaso shi.

Ga masu rubutu da Turanci, akwai ƙananan abubuwa da ke tona asiri. Ana cewa strict with a kan mutum, strict about a kan abu: she is strict with her pupils, she is strict about time. Ana cewa harsh on da tough on, kamar don't be harsh on him. Wajen fifiko, gajerun suna karɓar ɗafi: stricter, harsher, sterner, tougher. Dogayen sai da more: more rigorous, more stringent, more austere. Severer ta halatta amma more severe ce aka fi amfani da ita. Bayanau ma ba sa musanyuwa. Strictly prohibited da strictly confidential daidai ne, haka severely damaged da severely injured, amma strictly injured ba Turanci ba ne.

Sai lafazi. A severe gaɓa ta biyu ake dannawa, a sever kuwa ta farko, kuma sever aikatau ne mai nufin yankewa ko katsewa, kamar sever ties, katse hulɗa. Harafi ɗaya ya raba su a rubutu, kwamfuta kuma ba za ta ja wa kuskuren layi ba tunda duka kalmomi ne. G ɗin stringent kamar j ake furta ta. Gh ɗin tough kamar f. Akwai kuma severally, wadda ba ta da alaƙa da severe, kuma ba ta nufin "sau da yawa" kamar yadda wasu ke amfani da ita. Ma'anarta kowa a kan kansa, kamar a jointly and severally liable na takardun yarjejeniya, inda za a iya bin duka masu bashi tare ko a kama ɗayansu a ce ya biya duka. Wanda yake son ya ce ya yi gargaɗi sau da yawa, several times zai rubuta.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a sa waɗannan kalmomi a takardar ƙa'idojin fassara ta ɗakin labarai, kowace da Hausar da ta dace da ita. Kafin mai fassara ya rubuta "tsanani", ya duba sunan da sifar ke bi: ƙa'ida ce, ko cuta, ko hukunci, ko fuskar mutum. Sannan ya duba bakin wa ta fito, na jami'i ko na mai ƙorafi ko na marubucin rahoton. In kuma ya ga severe kusa da lamba ko a rahoton likitoci, ya nemi sauran matakan sikelin kafin ya zaɓi kalma, ya tabbatar ko akwai wani hawa a samanta. A kanun labari, inda fili ya yi kaɗan, in dole sai an taƙaita, a bar sunan mai maganar a gaba, a rubuta "Lauya: hukuncin ya yi yawa", don mai karatu ya san kukan na lauya ne.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Wassalam,
Naka, wani malamin fassara mai karanta jaridarku